Jawabi Kan Sayo Magani Daga Ƙasashen Waje

Jama'a, tsadar magani ta sa masu ciwon sukari da hawan jini suna ba matafiya sautu, a sayo musu daga Indiya ko Masar inda ya fi sauƙi. Neman sauƙi ba laifi ba ne, amma araha ba ta ado.

Maganin da ya shigo cikin jakar matafiyi bai bi ta hannun Hukumar NAFDAC ba, wadda aka kafa a 1993 domin binciken irin waɗannan kaya. Rashin gwaji kuwa yana kisa. A 2022 yara wajen 70 suka rasu a Gambiya bayan sun sha maganin tari da aka kawo daga Indiya. Allurar insulin ma, zafin hanya kaɗai yana rage ƙarfinta.

Akwai hanyar rage kuɗi a nan gida. Magani ɗaya yakan fito da sunaye dabam-dabam, kowanne da farashinsa. Marar lafiya ya roƙi likita ya rubuta ainihin sunan maganin, ya kai takardar kantin magani mai rajista, ya nemi mai rangwame, sa'an nan ya duba lambar NAFDAC a jikin kwalin kafin ya biya.