Kamfanin Airbus da Aikin Gayyar Rage Hayaƙin Jirgin Sama

Abin da aka ce in yi muku bayani a kansa yau shi ne wani aikin gayya da ake yi a ƙasashen Turai, don a sami jirgin sama wanda ba shi shan mai da yawa, ba shi kuma ɓata iska kamar na da.

Jirgin sama wani irin kananzir yake sha, kuma kowane tan guda da ya ƙone yana fitar da fiye da tan 3 na wata iska da Turawa ke kira kabon, wadda in ta taru a sama takan riƙe zafin rana, duniya ta ƙara ɗumi. Rabon jiragen sama cikin wannan iska da 'yan Adam ke fitarwa bai wuce kamar kashi 2 ko 3 cikin 100 ba. Wani zai ce ai wannan kaɗan ne. To, amma a shekarar 2019 kaɗai an ɗauki fasinja wajen miliyan 4,500, kuma jirgin da aka ƙera bana zai yi shekara 20 ko fiye yana aiki.

Kamfanin Airbus, wanda aka kafa a 1970, babban masauƙinsa yana birnin Tulus a ƙasar Faransa, kuma yana da ma'aikatu a Jamus da Sifen da Ingila. Duk da girmansa ba shi ƙera injin jirgi, saye yake yi daga wasu kamfanoni irin su Rolls-Royce. Ba shi tace mai, ba shi ne kuma ke ba jirage hanya a sama ba. Saboda haka ko da ya so gyara, ba ya iyawa shi kaɗai. A 2008 Tarayyar Turai ta buɗe wani shiri mai suna Clean Sky, watau sama mai tsabta, aka ware masa kuɗi Yuro miliyan 1,600, rabi daga baitulmalin Tarayya, rabi daga kamfanoni. A 2014 aka sabunta shi da wajen Yuro miliyan 4,000, sa'an nan a 2021 wani mai suna Clean Aviation ya gaje shi. Cikin gayyar akwai manyan kamfanoni da ƙanana, da jami'o'i, da gidajen bincike na gwamnatoci. Aikin Airbus a ciki mafi yawa shi ne ya tara abin da kowa ya ƙago, ya ɗora a kan jirgi na gaske, ya tashi da shi a gani.

Bari in daɗe kaɗan a kan maganar fiffike, don ita ce ta fi nuna yadda aikin yake. Kun san ruwan kogi in yana bin shimfiɗaɗɗen rairayi yakan tafi sumul, amma da ya ci karo da dutse sai ya rikice ya yi ta juyi. Haka iska take a kan fiffiken jirgi. Daga bakin fiffiken takan taso a kwance, ba ta yi nisa ba sai ta hargitse, ta riƙa gugar jikinsa tana jan jirgin baya. Wannan guga ita ce wajen rabin abin da inji ke fama da shi in jirgi ya daidaita a sama. Masana sun daɗe da sanin cewa in an iya sa iskar ta zauna a kwance har ta yi nisa a bayan fiffiken, za a rage shan mai. Wuyar ita ce ƙerawa, gama ɗan tudun da ke kan ƙusa, ko 'yar tsagar da ke inda aka haɗa faranti biyu, ya isa ya ɓata aikin. Kai, har ƙwaron da ya faɗa wa bakin fiffike ya mutu a wurin lokacin tashi yana iya rikita iskar da ke bayansa.

Sai Airbus ya ɗauko tsohon jirginsa na gwaji, samfurin A340, aka yanke ƙarshen fikafikansa biyu, aka sa sababbi masu tsawon kamar mita 10 kowanne. Kamfanin Saab na ƙasar Suwidin ya yi fatar ɗaya, kamfanin GKN na Ingila ya yi ta ɗayan, kowa da irin dabararsa, don a gwada su a jirgi guda, a iska guda, kada wani ya sami abin fakewa. Abokan aiki 21 ne suka sa hannu. Ranar 26 ga Satumba 2017 jirgin ya yi tashin farko daga garin Tarbes ya sauka Tulus. Abin da aka nufa shi ne a rage gugar fiffike da rabi, hayaƙin jirgi ya ragu da abin da ya kai kashi 5 cikin 100. Iskar ta kwanta kamar yadda aka zata. Amma irin wannan fiffike ya fi son jirgi ya ɗan rage gudu, yana kuma son tsabta kullum, kuma har yanzu Airbus bai sa shi a jirgin fasinja ba.

Wata dabarar kuwa daga tsuntsaye aka koyo ta. In kun lura da garken manyan tsuntsaye masu tafiya mai nisa, sukan jeru kamar bakin kibiya, na baya yana hawa iskar da na gaba ya tayar. A watan Nuwamba 2021 jirage biyu samfurin A350 suka tashi daga Tulus zuwa Mantiriyal ta ƙasar Kanada, ɗaya yana bin ɗaya da ratar kilomita 3, na bayan ya rage fiye da tan 6 na kabon. A nan abokan gayya su ne masu ba jirage hanya na Faransa da Ingila da Ailan da Kanada, gama dokar sama ta hana jirage kusantar juna haka sai da izini na musamman.

A shekarar nan ta 2021 kuma aka gwada wani mai da kamfanin Neste na ƙasar Finlan ke tacewa daga ragowar man suya da kitse. Aka zuba shi zalla a jirgin A350 mai injin Rolls-Royce, wani ƙaramin jirgi na gidan binciken jirage na Jamus yana biye da shi a kurkusa yana ɗibar hayaƙinsa yana aunawa. Kun san farin layin nan da jirgi ke bari a sama in ya wuce. Ƙanƙara ce da ke daskarewa a jikin ƙurar hayaƙi, kuma ita ma tana riƙe zafi. Sakamakon da aka bayyana a 2024 ya nuna ƙwayoyin ƙanƙarar sun ragu da fiye da rabi. Sai dai doka ba ta yarda a zuba wa jirgin fasinja fiye da rabin tanki na wannan mai ba, yana da tsada ƙwarai, kuma a 2024 bai kai kashi 1 cikin 100 na man da jiragen duniya suka sha ba.

Akwai masu cewa ba daidai ba ne a ɗebi harajin talakawa a ba kamfani mai dukiya ya gyara hajarsa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, ku da kuka san wahalar tara haraji kun fi kowa ganewa. A ganina hujjar da ta fi ƙarfi a ɗaya gefen ita ce, gwajin da zai ci shekara goma kuma mai yiwuwa ya tashi a banza, ba kamfanin da zai yi shi da kuɗinsa kaɗai, kuma in kuɗin jama'a ya shiga dole a kawo lissafi a fili. Lalle kuwa ya kamata a riƙa bin alkawari ana auna shi da aiki. A watan Satumba 2020 Airbus ya yi shela zai fito da jirgin fasinja mai aiki da iskar haidirojin, wadda ba ta fitar da kabon, kafin ƙarshen 2035. A farkon 2025 ya janye wannan wa'adi, ya ce samar da iskar da kai ta filayen jirage ya yi jinkiri fiye da yadda aka zata.