Jawabi kan ƙasar Bangladesh da mutanenta

Muna godiya ga shugabannin unguwanni da suka tara mu. Yau za mu yi magana a kan Bangladesh, wata ƙasa a kudancin Asiya. Mun zaɓe ta ne saboda mutanenta sun taɓa yin irin zaman da muke yi, yanzu kuma su ne ke saukar da wasu.

Indiya ta kewaye ta kusan ta ko'ina, sai ɗan gefen da ta yi iyaka da Myanmar, ga teku ta kudu. Babban birninta Dhaka. Faɗin ƙasar bai kai Borno da Yobe da Adamawa a haɗe ba, amma mutanenta sun haura miliyan 165. Yarensu Bangali ne, kusan tara cikin goma Musulmi ne, sauran akasarinsu 'yan addinin Hindu. Ƙasar fadama ce, manyan koguna kamar Ganges da Brahmaputra a nan suke haɗuwa kafin su faɗa teku, shi ya sa abincinsu shinkafa da kifi, kuma kusan kowace damina sai ruwa ya ci gonaki da gidaje. Mu fari muka fi sani, su ambaliya. Mata da yawa a birane ɗinki suke yi a masana'antu, in kun duba wuyan rigunan gwanjo za ku ci karo da sunan ƙasar.

Da Turawan Ingila suka tafi a 1947, yankin ya zama gabashin Pakistan. A watan Maris na 1971 yaƙin neman 'yanci ya ɓarke, mutum wajen miliyan 10 suka tsallaka Indiya, galibi a ƙafa, da goyo da tsofaffi. Damina ta same su a bukkoki, kwalara ta shigo.

A nan muke so iyaye mata su saurara da kyau. A sansanin Bangaon da ke bakin iyaka, ruwan da ake ƙara wa maras lafiya ta jijiya ya ƙare. Wani likitan yara ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari da ruwa mai tsabta a durom, ya ce dangi su yi ta ɗura wa majinyatansu da kofi. Kafin nan, cikin mutum 100 da cutar ta kama, wajen 30 ke rasuwa. Da wannan haɗin, adadin ya sauko ƙasa da 4. Garin ORS da ake ba ku a asibitin sansani, wanda wasu ke rainawa don ba allura ba ce, a hannun 'yan gudun hijira irinmu duniya ta ga amfaninsa. Leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a ba yaro kaɗan-kaɗan, a ci gaba da shayarwa, sannan a kai shi asibiti, kar a jira gari ya waye.

Yaƙin ya ƙare ran 16 ga Disamba, 1971, bayan wata tara, kuma cikin 'yan watanni akasarin mutanen suka koma gida. Sun tarar da ƙauyuka a ƙone. Don taimaka musu ne Fazle Hasan Abed ya kafa ƙungiyar BRAC a 1972, wadda daga baya ta tura mata gida-gida suna koya wa uwaye haɗa ruwan gishiri da sukari. Ba za mu ce lamarinsu ɗaya da namu ba. Wata tara daban, shekaru daban, kuma akwai yara a wannan taro da ba su taɓa ganin garin iyayensu ba.

Waɗanda zamansu ya fi kama da namu su ne 'yan Rohingya, Musulmin Myanmar da ƙasarsu ta hana takardar zama 'yan ƙasa. Daga watan Agusta na 2017, sama da mutum 700,000 suka gudo gundumar Cox's Bazar ta Bangladesh, suka iske 'yan'uwansu da suka riga su zuwa. Yanzu sun kai wajen miliyan ɗaya, kuma Kutupalong shi ne sansanin da ya fi kowanne girma a duniya. Bukkokin gora da tamfal ne a jikin tudu, a cunkushe. Da damina ƙasa ta zaftare, da rani gobara ta tashi, kamar wadda ta cinye dubban bukkoki a watan Maris na 2021. Bangladesh ta buɗe musu ƙofa duk da talaucinta, wannan abin a yaba ne. Amma ba a ba su izinin aiki ba, fita ma sai da takarda, kuma har yau komawa gida ba ta yiwu ba.

Wannan ƙuncin ne masu safarar mutane ke ci da shi. Suna karɓar kuɗi su loda matasa da 'yan mata a jirgin ruwa zuwa Malesiya ko Indonesiya, da alƙawarin aiki ko aure. Wasu jiragen sun nutse, wasu an tsare mutanen ciki sai dangi sun biya fansa. A wajenmu ba teku ake fara haɗuwa da shi ba, hamada ce, amma zancen ɗaya ne: aiki a Libiya ko Aljeriya, ko miji mai kuɗi a wani gari.

Duk wanda aka zo masa da irin wannan tayi, ko aka nemi ya ba da yaro ko katin rajistarsa, ya zo ofishin kariya kafin ya amsa. Ba a biyan ko sisi, kuma abin da aka faɗa a can ba ya fita. Macen da ta fi son magana da mace 'yar'uwarta ta faɗa tun daga ƙofa. Yanzu sai tambayoyi, iyaye mata su fara.