Gashin Kai Ma Shaida Ne



Tun 2014 da zinariya ta ɓulla a Jado, samarinmu suka kama hanyar arewa. Wasu ramukan, da zaiba ake kama zinariya, a ƙona, a shaƙi hayaƙin. Zaiba guba ce, tana sa makyarkyatar hannu da mantuwa.

Gashi yana tsiro kamar santimita 1 kowane wata, yana ajiye abin da jini ya ɗauko. Likita ya kan yanki 'yan silalla daga ƙeya, dab da fata, a auna a laboratuwar. A Minamata ta Japan, inda cutar ta bayyana a 1956, an auna gashin masu cin kifi, aka tarar da zaiba mai yawa.

Amma gashi ba ya faɗin komi. Mai shaƙar hayaƙi, a haɗa da fitsarinsa. Dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 kuwa, a jini aka gano ta.

Na sani, iyayena, gashi binne shi muke yi don tsoron sammu. In ma'aikacin lafiya ne ya roƙa, ku ba ɗanku izini.