Yadda Mutanen Kawo Suka Ji Juyin Mulki Na 1966

Ba a takarda talaka ya san juyin mulki ba, kunne ne ya fara gaya masa. Daren Asabar, 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, ana hunturu, mutanen Kawo suka jiwo ƙarar bindigogi daga wajen gidan Firimiya. Da yake an saba da atisayen soja da dare, da yawa ba su kula ba, suka shiga shirin sahur. Da tsakar rana aka kewaye akwatin rediyo, Manjo Nzeogwu ya yi shelar dokar soja da Turanci, harshen da galibin masu sauraro ba sa ji. Labarin kisan Sardauna, Alhaji Ahmadu Bello, kuwa, baki da baki ya iso kasuwa, cikin raɗa.