Abin da ke Ƙarƙashin Inuwar Kurmi: Lacca da Aka Gabatar a Lafia

 

Duk lokacin da aka taru a kan maganar daji a jihar nan ta Nasarawa, bishiya ake ƙirgawa: nawa aka sare, nawa aka dasa, nawa suka kama. Yau ina so mu sunkuyar da kai mu dubi ƙasa, mu dubi ƙananan tsirran da ba sa rayuwa sai a inuwar waɗannan bishiyoyi. Zan fara da wani ɗan fure na ƙasashen sanyi, domin an yi nazarinsa ƙwarai, kuma labarinsa zai kawo mu har gonar doya.

Masana tsirrai na kiransa Circaea intermedia, Turawan Ingila kuma suna sa shi cikin furannin da suke kira enchanter's nightshade. Da ƙyar tsayinsa ke kai gwiwa. Ganyensa mai siffar zuciya ne, bakinsa da ƙananan haƙora. Furensa fari ne ko mai ratsin ja-ja, bai kai ƙwayar dawa girma ba, kunnuwansa biyu kacal, kowanne da tsaga a tsakiya har mutum ya ɗauka huɗu ne. Yana fitowa a dazuzzuka masu danshi, a gefen ƙoramu da gindin duwatsu, inda rana ba ta sauka sai ɗigo-ɗigo ta tsakanin ganye. Wani masani mai suna Friedrich Ehrhart ne ya ba shi wannan suna a ƙarshen ƙarni na 18.

Abin da ya sa na zaɓe shi, ruwa biyu ne. Ɗaya daga iyayensa, Circaea lutetiana, ɗan dajin kwari ne mai ɗan ɗumi, ya cika dazuzzukan Turai, 'ya'yansa masu ƙananan ƙugiyoyi ne da ke maƙale wa gashin dabba da rigar mai wucewa, haka yake yaɗuwa. Ɗayan, Circaea alpina, ƙarami ne, yana son sanyi da gansakuka a kan tuddai. Inda suka haɗu, barbara ta shiga tsakaninsu, aka sami wannan na tsakiya. Shi kuwa kamar alfadari yake, ɗan jaki da goɗiya: ga ƙarfi, ga juriya, amma babu haihuwa. Yana fure, 'ya'yan su zube tun ba su nuna ba. Rayuwarsa duk ta dogara ga saiwa mai rarrafe da yake miƙawa a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, ta tsiro a gaba kaɗan, wannan ma ta miƙa tata.

A shekarar 1963 wani masani Ba'amurke, Peter Raven, ya buga nazarinsa kan waɗannan furanni a tsibiran Birtaniya. Ya bi busassun samfuran da aka adana, ya gano cewa da yawa daga abin da aka daɗe ana rubutawa da sunan alpina, ruwa biyun ne. Ainihin alpina ya taƙaita a wurare kaɗan, irin yankin tafkuna na arewacin Ingila da duwatsun Wales da yammacin Scotland. Ɗan nasa kuwa ya bazu nesa da inda uban yake, har a arewacin Ireland, tsibirin da babu alpina a cikinsa yau. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne, bayan ƙanƙarar da ta rufe arewacin Turai ta janye fiye da shekara 10,000 da suka wuce, alpina ya yaɗu a lokacin sanyi, da ƙasa ta yi ɗumi ya ja baya, ya bar ɗansa a wurin. Ke nan akwai dazuzzukan da wannan fure yake zaune tsawon zamani, yana maimaita kansa ta saiwa. In aka share dajin, ya tafi ke nan, domin babu iri a cikin ƙasa da zai tsiro, babu kuma uban da zai sake haifar sa a wurin.

To, mu dawo gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Agyaragu ko ta Assakio lokacin sabuwar doya, ya ga yadda ake jera ta ƙwarya-ƙwarya, nau'in Pepa nan, nau'in Amula can, manyan motoci na lodi zuwa Kano da Legas, ya san matsayin doya a arzikin jihar nan. Nijeriya ita kaɗai tana noma kusan kashi biyu cikin uku na doyar duniya, Nasarawa kuma tana cikin jihohin da ke gaba. Amma daga ina farar doyar nan ta fito?

A 2019 wata tawagar masana ƙarƙashin Nora Scarcelli ta buga bincike a mujallar Science Advances, ta nuna cewa an fara mayar da doya amfanin gona ne a yankin kogin Kwara, daga wata doyar daji ta cikin kurmi mai suna Dioscorea praehensilis. A 2020 wata tawagar, ta masanan Japan tare da na cibiyar IITA da ke Ibadan, ta duba ƙwayoyin gadon doyar ta ce farar doya ruwa biyu ce: tsakanin wannan ta kurmi da wata doyar daji ta ƙasar ciyawa, Dioscorea abyssinica. Sun saɓa a kan yadda abin ya faru, kuma haka ilimi yake tafiya. Sai dai dukkansu sun haɗu a kan abu guda: doyar kurmi, mai son inuwa, mai hawa bishiya, mai kewaye kanta da saiwoyi masu ƙaya don kada gyado ya tone ta, tana cikin asalin abin da muke kirɓawa sakwara.

Akwai bambanci da ya kamata in faɗa. Farar doya ba juya ba ce kamar furen Turai. Tana fure, namiji daban mace daban, wani lokaci har ta yi iri. Amma manominmu ba ya shuka wannan iri. Yanka doya yake yi, ko ya ajiye ƙanana, ya binne a kunya, ya rufe da ciyawa, ya kafa sanda. Doyar bana jikin ta bara ce, ta bara jikin ta bara waccan. Duk cutar da ta kama uwa tana bin 'ya, kuma cutar da ta iya kayar da guda ta iya kayar da gona. Duniya ta ga haka a ayaba: nau'in Gros Michel, wanda shi ne ayabar kasuwar duniya, cutar Panama ta cinye gonakinsa a shekarun 1950, sai da aka koma nau'in Cavendish. Ranar da irin wannan ta faɗo wa doya, Allah Ya kiyaye, masu haɗa sabon iri a Ibadan da Umudike za su nemi jinin juriya ne a wurin dangin daji. A Jamhuriyar Benin ma an rubuta yadda manoma ke tono doyar daji su kawo gona, su yi ta renonta shekara da shekaru har ta zama ta ci, da haka suke shigar da sabon jini cikin gonakinsu. Wannan hikima ba ta yiwuwa sai in dajin na nan.

Jiharmu kuwa tana daidai kan iyakar da waɗannan duniyoyi biyu, kurmi da ƙasar ciyawa, ke haɗuwa. Ƙasar ciyawa ce mai kaɗanya da ɗorawa da kirya, amma ku bi bakin kogin Mada da ƙoramun da ke zuba cikinsa, ku je gindin Farin Ruwa a Wamba, ku shiga kwazazzaban dutsen Eggon, za ku tarar da kurmi. Siririn daji ne mai duhu da ke bin ruwa, kuma ta cikinsa ne tsirran dajin kudu ke samun hanyar hawowa arewa. Wanda ya shiga a watan Agusta ya san abin da nake faɗa. Taku kaɗan daga gona, zafi ya yanke. Ƙasa baƙa ce, ƙafa na nutsewa cikin ruɓaɓɓen ganye. Sama madaci da kwakwar manja, a dausayi tukurwa. Ƙasa kuma ga cakara da doguwar karanta mai ƙaya da ganye ɗaya da ya baje kamar laima, ga dangin citta da jajayen 'ya'yansu a daidai gindi, a jikin ƙasa. A bakin daji, inda inuwa ta yi sauƙi, ga amora, wadda iyayenmu mata ke tonowa su goga su wanke ɗacin su fitar da farin gari. Masoro da kimba da muke sa wa kunu da yaji, da ganyen fita da ake naɗe goro, duk 'ya'yan daji mai inuwa da danshi ne. Kusan duk waɗanda na lissafa a ƙasan nan, ajiyar ransu tana cikin saiwa ko kututture a ƙarƙashin ƙasa, suna mutuwa a ido da rani su farfaɗo da ruwan farko.

Ga yadda ake rasa su, kuma ba sai an taɓa su ba. A sare manyan bishiyoyi biyu ko uku, rana ta sauka. Ganyen da aka halitta shi siriri mai faɗi don tsintar ɗan haske, ya ƙone. Ƙasa ta bushe. Tofa da gamba su shigo, su da ba sa iya zama a inuwa. Da kaka ta wuce ciyawar ta bushe, wutar daji da a da take tsayawa a bakin kurmi ta sami abin ci ta shige ciki, ta kashe ƙananan bishiyoyin da za su maye gurbi. Shekara ta zagayo, mai gona ya matso da kunyarsa har bakin ruwa, ya bi da feshin maganin ciyawa. A 'yan shekarun baya an ga yadda aka yi wa madobiya wawa a tsakiyar Nijeriya ana fitar da ita Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu daga farkon 2017. Buhunan gawayi kuwa da ke jere a bakin titin Akwanga da na Makurɗi, kowa na ganinsu. Ba na zagin mai gawayi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 rayuwa ta yi tsada, uwar gida a Abuja da Lafia ta koma murhu, mai gawayin ma yana da bakunan ciyarwa. Amma kiryar da ke fili daban, bishiyar da ke riƙe da inuwar rafi daban, kuma ya kamata doka da al'ada su bambanta su.

Za a ce ai ana dashe. Dashe alheri ne, ina goyon bayansa. Sai dai ku shiga gonar malaina ko ta turare da ta shekara ashirin, ku dubi ƙasa. Akwai inuwa, amma babu citta, babu cakara, babu doyar daji. Tsiron da ke tafiya da saiwa taku ɗaya a shekara ba zai tsallake kilomita goma na gonaki ya zo ba. Shi ya sa a Ingila suka ware dajin da ya kasance daji tun daga shekarar 1600 suka ba shi matsayi na musamman, kuma da ƙananan furannin ƙasa suke gane shi. A ganina kadada ɗaya ta tsohon kurmi da aka bari ta fi kadada goma ta sabon dashe daraja ta wannan fuska.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin rubutu. Raven ya iya gano labarin furen nan ne domin mutane sun shafe fiye da ƙarni suna tsinko shi, suna busarwa, suna rubuta wuri da rana. Mu ma muna da tushe. Wani likita mai suna J. M. Dalziel ya fitar da ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, da littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, wanda H. M. Burkill ya faɗaɗa daga 1985. Akwai ma'ajiyar busassun tsirrai a cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan, akwai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Amma an ƙirƙiro jihar nan a 1996, Jami'ar Tarayya ta Lafia ta zo a 2011, ga tsangayar noma ta jami'ar jiha a Shabu, ga kwalejin aikin gona a cikin gari. Da wannan ƙarfi, bai kamata a ce akwai kurmi a Doma ko Awe ko Wamba da za a share ba tare da an san abin da ke cikinsa ba.

Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Tsohuwar jarida, katako biyu, igiya, littafin rubutu da wayar da ke nuna wuri sun isa. Abin da yake buƙata shi ne a fita da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, lokacin da hanya ta lalace kuma tsirran suke waje. Wanda ya je da rani zai rubuta cewa babu komai. Yana kuma buƙatar tawali'u. Mafarauci da mai maganin gargajiya da tsohuwar da ke tonon amora sun san kurmin fiye da mu masu allo. Ku tafi da su, ku biya su wahalarsu, ku rubuta sunan tsiro da Eggon da Alago da Migili da Gwandara da Tibi da Fulatanci, yadda suka faɗa, da abin da suke yi da shi.

Iyayenmu hakimai da dagatai, ranku ya daɗe, ku ne ke raba gona, maganarku ake ji a ƙauye fiye da takardar ofis. Ina roƙonku ku sa iyaka a bakin kowane rafi da ke ƙasarku, inda gatari da wuta da feshi ba za su ƙetare ba, ku sanar a masallaci da coci da kasuwa. Ma'aikatar muhalli ta jiha ta mara muku baya da ma'aikatan gandun daji. Malamai 'yan uwana, cikin ɗaliban da za ku ba aikin bincike bana, ku tura wasu kurmi. Ku kuma ɗalibai, kowannenku ya zaɓi rafi ɗaya kusa da garinsu, ya fara da shi a daminar nan.