Ilimin Aiki a Wayar Ma'aikaci: Wa Zai Gaje Shi Idan Ya Tashi?

Lacca da aka gabatar a Ɗanzomo ga malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, malaman gona da ma'aikatan ƙananan hukumomin masarautar Gumel

 

Batun yau shi ne manhajojin sada zumunta da yadda ake adana ilimin aiki a ma'aikatu. A wannan ƙasa tamu, inda ya fi dacewa a fara kallonsa shi ne karar Maigatari ranar Alhamis. Dillali zai kama bijimi ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya matsa kwiɓi, ya sa yaro ya zagaya da shi don a ga takunsa. Sannan ya zaro waya ya ɗauki bidiyo, ya tura wa mai saye a Legas, ya biyo da saƙon murya: "Alhaji, ga shi nan, ya ci kiwo, amma ƙafar baya tana ɗan ja, sai a rage wani abu." Kafin la'asar an daidaita, kuɗi sun shigo ta banki, ana loda tirela.

Abu biyu ne suka haɗu a wannan ciniki. Akwai labari, wato hoto da farashi da adadin kawuna, kuma waya ta ƙware wajen kai shi. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na maƙwabciyarmu Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar salula ke shiga gari bayan gari, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Sai kuma sani, wanda ke cikin ido da tafin hannun dillali: yadda aka yi ya gane ƙafar nan tana ja alhali mutum goma sun kalla ba su gani ba. Wannan ba ya bin bidiyo zuwa Legas.

Masana sun daɗe da lura da wannan bambanci. Michael Polanyi ya yi bayani a 1966 cewa gwani yakan san abin da shi kansa ba zai iya faɗarsa da baki ba. A 1995 wasu malaman Japan biyu, Nonaka da Takeuchi, suka kawo misalin kamfanin Matsushita, wanda ya so ƙera injin gasa burodi na gida amma burodin ya ƙi yin daɗi. Sai wata ma'aikaciyarsu, Ikuko Tanaka, ta je ta zama 'yar koyo a wurin babban mai gasa burodi na wani otal a Osaka. Da ta zauna tana kallon hannunsa, ta ga ashe murɗa ƙullin yake yi yayin da yake jan sa, abin da bai taɓa tunanin faɗa wa kowa ba. Aka sa wannan murɗawar a cikin injin, ya shiga kasuwa a 1987.

Kowace ma'aikata a masarautar nan tana da irin wannan gwani. Akwai malamin asibitin da ya san rugar da ba a samun mata a gida sai bayan an dawo daga tallar nono. Akwai malamin gonan da ya san filin da wuta-wuta ta cinye, da wanda riɗi ke yi a cikinsa ko da damina ta yi gardama. Akwai akawun da ya san dalilin da ya sa aka dakatar da wata kwangilar rijiya shekaru goma sha biyar da suka wuce. A da, abin da ke riƙe ɗan kaɗan daga wannan sani shi ne fayil da rajista da littafin tarihin makaranta da hedimasta ke cikawa, da kuma takardar miƙa aiki.

Jigawa ba baƙuwar kwamfuta ba ce. Bayan an ƙirƙiri jihar a 1991, gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki, wadda ta yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ta kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure. Amma abin da ya ratsa har ofishin ƙauye ya biyo wata hanya ce daban. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001. An ƙirƙiri WhatsApp a 2009, ya samu saƙon murya a 2013, Facebook ya saye shi a 2014. Saƙon muryar nan ya yi tasiri a wurinmu ƙwarai, domin ya buɗe baki ga wanda rubutun Turanci ke yi wa nauyi. Manyan kamfanonin duniya suna biyan kuɗi su yi amfani da Slack ko Microsoft Teams. Mu kuwa guruf muka buɗe, ba tare da wata takardar umarni daga Dutse ba: guruf ɗin hedimastoci, na masu rigakafi, na malaman gona, na ma'aikatan kuɗi.

Amfaninsa a fili yake. Manomi a Gagarawa ya ga tsutsa a gonarsa, malamin gona ya ɗauki hoto ya saka a guruf, kafin ya koma kan babur wani daga Maigatari ya ce ya gan ta bara, ga maganin da ya yi aiki. Sanarwar da masinja kan yi kwana uku yana rabawa yanzu minti ɗaya ce. Ƙaramin ma'aikaci da ba zai iya tsallake sakatare ya ga darakta ba, yau yana jefa tambaya darakta ya gani.

To, ina wannan amsa ta malamin gona take bayan wata shida? Tana can ƙarƙashin barka da Juma'a, da ta'aziyya, da sanarwar ɗaurin aure, da jita-jitar albashi. Idan saƙon murya ne, ba a iya lalubo shi da rubuta kalma, sai mutum ya tuna ranar da aka yi shi. Sabon ma'aikacin da aka saka a guruf ba zai ga abin da aka tattauna shekarar da ta wuce ba, don haka tambayar da aka amsa bara za a sake yin ta bana.

Babbar matsalar ita ce wayar ta mutum ce, aikin kuwa na hukuma. A ɗauki shugabar wani ƙaramin asibiti da ta yi shekara shida a gari. A wayarta akwai lambar ungozomomin gargajiya, da ta mai motar da ke yarda ya fito da dare idan naƙuda ta zo da gardama, da ta mai gyaran firjin rigakafi, da hotunan rajistar wata-wata. Ranar da takardar canjin wurin aiki ta zo, ta miƙa makulli da lissafin magani da kujeru, ta sa wayarta a jaka ta hau mota. Wadda ta gaje ta za ta tarar da alƙaluma a manhajar DHIS2 da ake tattara bayanan lafiya da ita a Nijeriya, amma alƙaluma ba za su gaya mata wa za ta kira da ƙarfe biyun dare ba. Haka abin yake idan an sace waya a kasuwa, ko ta lalace, ko ma'aikaci ya cika shekara 35 yana aiki ya yi ritaya.

Rumbun da ake zuba waɗannan bayanai ma ba namu ba ne. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kimanin awa shida a duniya baki ɗaya. Gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Duk ofishin da bai da kwafin bayanansa a wani wuri, a irin wannan rana hannunsa wayam yake.

Akwai kuma batun sirri da doka. Hoton katin mara lafiya ko sakamakon jarrabawar ɗalibi idan ya shiga guruf mai mutum ɗari biyu, ba mai iya dawo da shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa ma'aikatu alhakin irin waɗannan bayanai. A Amurka, hukumomi sun ci bankin JPMorgan tarar dala miliyan 200 a Disambar 2021 saboda ma'aikatansa suna harkar banki ta WhatsApp da wayoyinsu na kansu, ba a adana saƙonnin ba.

Hana guruf ba zai yiwu ba, kuma ba shi da amfani. Kamfanin Xerox mai injunan kwafin takardu ya nuna wata hanya. Wani mai bincike, Julian Orr, ya bi masu gyaran injunan kamfanin, ya tarar cewa matsalolin da littafin umarni ya kasa warwarewa a wurin karin kumallo ake warware su, inda kowa ke ba da labarin injin da ya wahalar da shi. Kamfanin ya gina wani rumbun bayanai mai suna Eureka, aka fara shi a Faransa a shekarun 1990. Mai gyara ya rubuta dabararsa, wasu gogaggun abokan aikinsa su gwada su tabbatar, sannan a saka ta inda kowa zai samu. Da aka kawo shawarar biyan kuɗi kan kowace dabara, masu gyaran suka nuna sun fi son a rubuta sunan mai ita a jikinta. Mutanen da ke alfahari da a ce "wannan aikin wane ne" ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan haka.

Daga nan za a iya fitar da matakai da ba sa jiran kasafin kuɗi. Na farko, a raba guruf biyu, na zumunci da na aiki zalla. Na biyu, kowane guruf na aiki ya samu marubuci ban da admin, wanda a ƙarshen wata zai tsamo tambayoyin da aka amsa da dabarun da suka yi aiki, ya nuna wa wani gogagge ya tabbatar, ya rubuta su da Hausa mai sauƙi tare da sunan wanda ya kawo su. A ajiye kwafi ɗaya a kwamfutar ofis, a buga ɗaya a saka a fayil. Na uku, kowace makaranta da asibiti su mallaki layin waya na ofis, lambobin aiki su zauna a kansa. Na huɗu, takardar miƙa aiki ta daina tsayawa kan kujeru da makullai, ta haɗa da sunayen mutanen da ake nema, da matsalolin da ba a gama da su ba, da abin da aka gwada bai yi ba.

Na biyar ya shafi masu shirin ritaya, kuma shi ya fi gaggawa. Watanni shida kafin gogaggen ma'aikaci ya ajiye aiki, a haɗa shi da matashi ya riƙa bin sa rangadi yana kallon hannunsa, a kuma zauna da shi a naɗi hirarsa da waya. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel za su iya ɗaukar wannan a matsayin aikin bincikensu na ƙarshe, su rubuta hirar su miƙa kwafi ga ofishin da abin ya shafa. Sashen kula da ma'aikata na kowace ƙaramar hukuma yana da jerin waɗanda za su yi ritaya baɗi, kuma da wannan jerin za a fara.