Rumbun Ciyawa Kafin Gandun Kiwo



Ba zan ɓata muku lokaci da farin 1973 da na 1984 ba, a ɗakin nan akwai waɗanda suka gani da idonsu. Damuwata ita ce yunwar da ke kama dabbobinmu kowace shekara, daga Fabrairu zuwa saukar ruwa a Afrilu. In damina ta yi jinkirin mako uku, magidanci mai shanu biyar da awaki goma ya shiga uku.

Ku leƙa Karar Bukur a ƙarshen Maris. Saniya tozo ya kwanta, tun daga nesa kana ƙirga haƙarƙarinta, mai ita kuwa zai sayar a wulaƙance don ya saya wa sauran dusa. Amma ku ɗaga ido ku dubi duwatsun Filato, ciyawa ba ta ƙare ba. Ƙarfinta ne ya ƙare. Busasshiyar ciyawar rani furotin ɗinta kan faɗi zuwa kashi 2 ko 3 cikin 100, alhali saniya tana bukatar kusan kashi 7 kafin ma tumbinta ya narka abin da ta ci. Tana kiwo tana ramewa.

Maganin wannan ba sabo ba ne, shi ya sa raina ke ɓaci. A shekarun 1980 masu binciken cibiyar ILCA sun gwada rumbun ciyawa tare da Fulani a yankin Kaciya, maƙwabtanmu. Ana killace kamar hekta 4, shanu su kwana a wurin su tattake ƙasa su zuba taki, sannan a watsa irin sitailo, wata ciyawa ce dangin wake. Ba a taɓa ta sai rani ya tsananta. Lokacin ne ake sakin masu ciki da masu shayarwa su ci na awa biyu ko uku a rana, sauran garken su tafi kiwo. Saniya ta ƙetare bazara da ɗan maraƙinta a raye. In kuma aka nome wurin daga baya, masara ta fi kyau, domin sitailo na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shekaru nake faɗin haka a taruka, jami'ai na gyaɗa kai, sai su koma kan manyan gandayen kiwo irin na Wase.

Ana cewa fili ya yi ƙaranci a Filato, wayar shinge kuma ta yi tsada. Na ji. Mai shanu biyar hekta ɗaya ta ishe shi, kuma kakannin mutanen nan da ƙerana suka shinge gonakinsu.

Ga karan masara da ake cinna wa wuta a Mangu da Bokkos. A daddatsa kilo 100, a jiƙa da ruwa lita 100 da aka narka kilo 4 na takin yuriya, a rufe da leda mako uku, ya zama abinci. Harawa kuma a ɗaure ta tun da ganyenta, a ɗora a rufin ɗaki.

Masana kuwa muna da su: cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, cibiyar binciken kiwo ta NAPRI tana Shika. Roƙona ga gwamnatin jiha ɗaya ne: a samo irin sitailo, a danƙa wa malaman gona, ya isa hannun magidanta kafin watan Mayu.